Tsohuwar da ta ƙi dangwala yatsa

Jiya a asibiti a Jimeta, nas ta miƙa wa wata tsohuwa tawada ta dangwala yatsa. Tsohuwar ta ture.

"Ba ni biro, 'yata. Goggo Asta ta Limawa ta koya mana rubutu."

Goggo Astan nan kuwa ƙanwar babana ce. Tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas ciwon baya ya kwantar da ita. A kwancen ta koyar da matan unguwa kyauta, tana zana haruffa a tiren yashi.

Na ce, "Dada, ni ɗan wanta ne."

Ta rubuta sunanta, ta nuna mini. "To duba, na bar harafi?"

Ko ɗaya. Allah ya jiƙan Goggo. 'Yan Limawa, wa ta koya wa a gidanku?