Jijiyar Da Na Ajiye Maka, Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan Fabrairu na 2026, bayan la'asar, ina kankare teburina a layin mahauta na kasuwar Jega, wani direba mai bin hanyar Koko ya zo ya tsaya a kaina ko sallama bai yi ba. Ya ce motar Dakta Isiyaku ta faɗi kusa da Maiyama, kuma kafin a iso da shi asibiti rai ya yi halinsa. Na tambaye shi wane Isiyaku, alhali kuwa na sani. Washegari da hantsi, Likita, muka kai ka makwancinka a Jiga Makera, garin da aka yanke maka cibiya, kusa da kabarin mahaifinka.

Ni Gado ne, mahauci ɗan mahauci. Benci ɗaya muka zauna da kai a sakandare, sai dai ni na tsaya a aji uku na koma teburin babana, kai kuwa ka zarce har ka zama likitan da ke ɗinka jijiyoyin jini a babban asibiti a Sakkwato. Rubutu ba sana'ata ba ne. Amma tun ranar nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a rumfa sai in ji gida nake so, in na isa gida sai in ji kasuwa na kirana, matata Ramatu har ta gaji da tambayata abin da na manta. Shi ya sa na ɗauki biro, ko hannuna ya samu abin riƙewa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, baƙin cikina a cakuɗe yake da tsoro. Akwai abin da ke bugawa a cikina, saman cibiya kaɗan. Kai ka gano shi bara, da ka ɗora mini na'urar hoto. Ka ce babbar jijiyar jini da ke bin ƙashin baya ce ta yi rauni ta kumbura, kuma duk ranar da ta fashe babu sauran magana. Kana aunawa lokaci-lokaci, har ka ce ta kai girman da ba a jira. Ka sa mini ranar aiki, Talatar nan mai zuwa, kafin azumi ya kama. Ranar tana nan ba ta gusa ba, Likita, kai ne ba ka nan.

Wani in an ce masa jijiya, kalma kawai ya ji. Ni kuwa na san ta. Tun ban yi gemu ba nake fiɗa, na san kaurinta, na san santsinta, na kuma ga abin da jini ke yi idan ya samu hanya. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, to ni shaida ne. Yanzu haka ina rubutu da hannun dama, na hagu yana kan cikina.

Irin wannan jijiya ce ma, amma ta saniya, ta sake haɗa mu bayan shekaru. Wata ranar kasuwa ka zo da farar shadda da takalmi mai ƙyalli, kana tsallake ruwan kwata, ka tsaya gabana.

"Gado, jijiya nika so. Ba tsoka ba, ba hanta ba."

"Mi za ka yi da ita? Ko karatun na yat taɓa ka?"

"Ɗumki za ni koya ma yara," ka ce. "Gara su ɓata ta saniya da su ɓata ta mutum."

Daga ranar, duk saniyar da aka yanka mini, nakan zare babbar jijiyar a hankali, in wanke ta da ruwan gishiri, in sa a kula mai ƙanƙara in ajiye maka a ƙarƙashin tebur. Mahauta suka sa mini suna "Gado na Likita". Da ka ga na matsa da tambaya, sai ka kai ni ɗakin da ɗalibanka ke koyo. Na ga manyan yara, maza da mata, sun duƙa a kan abin da mu muke jefa wa karnuka, suna ɗinkawa da zaren da sai na ƙanƙance ido nake ganinsa. In mutum ya gama, sai ka ɗura ruwan zoɓo a sirinji ka tura cikin jijiyar da ƙarfi, a kan farin ƙyalle. Wanda ɗinkinsa ya yi ɗigo, ja zai nuna a ƙyallen, ya warware ya sake. Ba ka yi wa kowa tsawa, sai dai ka ce, "Wanga majinyaci naka ya tahi, Allah shi jiƙan shi. Ɗauko wani." Su yi dariya, amma ba na jin akwai wanda ya so ya ji ta sau biyu.

Mutanen ƙasarmu sun ci moriyar hannun nan naka. Ladan, wani manomi a Liba, injin ban-ruwa ya kama masa ƙafa ya datse jijiyar bayan gwiwa. Ko da aka iso da shi, ƙafar ta yi sanyi, danginsa har sun fara ba shi haƙurin yankewa. Ka ciro jijiya daga ɗaya ƙafar ka yi masa gada. Bayan an fito da shi ka ƙi tafiya ofis, ka yini kana dawowa da wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin rediyo, ka ɗora ta a bayan ƙafarsa kana saurare. Da ta fara fitar da sautin jini yana wucewa, sai ka ƙara murya ka kira matarsa ta ji da kunnenta. Ranar jana'izarka na ga Ladan cikin masu ɗaukar makara, ya ƙi ba kowa wurinsa har bakin kabari.

Masu ɗorin Aliero ma, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa da karaya, ba ka taɓa tsayawa daga bakin ƙofa ka yi musu wa'azi ba. Takalmi ka cire ka zauna kan tabarmarsu, ka gaishe su a matsayin iyaye, ka roƙe su abu ɗaya tak. In sun ɗaure kara, su danna farcen majinyaci su saki. In ja ya dawo da sauri, jini na tafiya. In ya tsaya fari, su sassauta ɗauri su kira ka, ko ina kake. Sun karɓa domin ba ka raina su ba, kuma ƙafafu da hannaye da yawa sun tsira ta nan.

Akwai kuma aikinka na ɓawon albasa, wanda na fi yi maka tsiya a kai. Duk kakar albasa sai a ga motarka a Aliero ana cusa mata buhunan ɓawon da kowa ke sharewa. Ka bayyana mini cewa kai da wasu malaman kimiyya kuna tatsar wani ruwa daga ɓawon, ku haɗa shi da sinadarin azurfa, sai azurfar ta fito ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin duba jini na asibiti ba ya kama su. Nano kuke ce musu. Burinku a shafe bututun da ake dasa wa mutum a madadin jijiya da su, don ƙwayar cuta ta rasa wurin zama. Da na ji irin wannan bututun za a sa mini, na ce to a shafa mini tawa, ai albasar gida ce.

"Ba a ƙare gwaji ba," ka ce. "Ɓeran gwaji ma bai gama ba da shaida ba, balle kai."

Shekarunka nawa a kan aikin nan, kuma ga amini ya miƙa wuya da kansa, amma ka ƙi. A nan na ƙara sanin ko kai wane ne. Ban san ko wani zai ɗora daga inda ka tsaya ba. An ce buhunan na nan jingine a bayan ofishinka, kuma wannan ma yana cikin abin da ke hana ni sukuni.

Sau ɗaya muka yi saɓani na gaske. Cikin ɗalibanka akwai Dakta Umaima, wadda ta gama koyo a hannunka har ta fara aiki da kanta. Ka ce ita kake so ta yi mini aikin, kai ka tsaya a gefenta, domin idonta ya fi naka yanzu, hannunta kuma ba ya rawa. Na ce allambaram. Yarinyar da na sani tana zuwa karɓar kula a wurina, tana ce mini Baba Gado, ita za ta buɗe mini ciki? Ko kai, ko a bar ni da abina. Sai ka jefo mini tambaya.

"Gado, wa yab ba ka wuƙa ta hwarko?"

"Baba na."

"Ya tsaya bisa kanka?"

Ka san amsar, domin ni na ba ka labarin tun muna makaranta. A gidanmu haka ake yi. Ranar da uba ya ga ɗansa ya isa fiɗa, sai ya miƙa masa wuƙa a gaban babban sa da aka yanka, ya ce za shi alwala, ya ɓace. Ba ya dawowa sai an gama, domin muddin yana tsaye, yaro fuskarsa zai riƙa kallo maimakon bakin wuƙa. Ranar tawa gumi ya jiƙa ni sharkaf, amma ban huda fata ba, ban fasa maɗaciya ba. Na ce maka wannan sa ne, ni kuwa mutum ne. Ka yi dariya ka ce to shi ke nan, Sarkin Gardama, kai za ka yi da kanka.

Ranar da za ka rasu, daga Sarandosa kake. Wata tsohuwa ce can, Gudiya, mai ciwon suga, da ka yi wa aiki a ƙafa. Ba ta iya zirga-zirgar Sakkwato, shi ne ka ɗauki 'yar na'urarka ka je ka saurari ƙafarta a ɗakinta. An ce an tsinci na'urar a gefen titi ba ta ko fashe ba.

Da ranar kasuwa ta zagayo, na fita don kada in haukace a gida. Aka yanka, na yi fiɗa, ban farga ba sai ganin kaina na yi na zare jijiyar, na wanke, na sa a kula, na tura ƙarƙashin tebur. Sabo turken wawa. Na tsaya ina kallon kular nan, na rasa wanda zan ba, na kuma kasa zubarwa. Nan hawayen da ban yi a maƙabarta ba suka zo, a gaban masu sayen nama.

Da azahar sai ga Dakta Umaima, idanunta a kumbure. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, na yi mata. Sa'an nan ta ce, "Baba Gado, akwai ajiyar Malam?"

Na jawo kular. Ba ta tafi da ita ba. Ta nemi benci a bayan rumfa, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta fito da kayan aikinta, ta yanke jijiyar gida biyu. Ta aika aka sayo zoɓo wurin mai talla. Mahauta suka bar teburansu suka kewaye mu, ƙudaje na shawagi, masu kura na ihun a ba su hanya, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da ta gama ɗinki ta cika sirinji, sai ta miƙo mini.

"Ku tura da kanku, Baba. Ku sa ƙarhi, kada ku ji tausaina."

Na tura har jijiyar ta yi tam, har babban yatsana ya yi zafi. Na ɗaga ta, na juya ta, na duba ƙyallen sama da ƙasa. Fari fat, ko ɗigo babu.

Na ce mata zoɓo ba jini ba ne. Ta ce haka ne. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin da Malam ma bai yi mini ba, aikin babba ne, rai kuma na Allah ne. Abin da za ta iya faɗa shi ne ba ita kaɗai za ta shiga ba. Akwai na'urorin da za su riƙa bin bugun zuciyata da ƙarfin jinina, akwai likita guda wanda aikinsa kallonsu kawai, kuma in an gama za ta saurari ƙafafuna biyu kamar yadda ka koya mata. Ta ce jira ne kaɗai abin da ba ta yarda da shi ba.

Gani ya kori ji. Na ce mata ta bar ranar yadda ka sa ta.

Tsoro bai sake ni ba, Likita, ƙarya ne in ce ya sake ni. Abin nan yana ta bugawa a ƙarƙashin tafina, kuma ban san ko zan ga watan azumi ba. Amma gobe Ramatu za ta ɗaure mini kaya mu kama hanyar Sakkwato. Kular kuwa na danƙa wa ƙanena, na ce ko na dawo ko ban dawo ba, duk ranar kasuwa a zare jijiya a ajiye, za a zo karɓa.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Duk ƙafar da ta taka zuwa masallaci ko gona ta dalilinsa, ka sa ladan a mizaninsa. Ka ba matarsa Hajiya Balaraba da 'ya'yansa, Murtala da Bushra, haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Jiga Makera, da ɗalibansa, da mutanen Jega da Aliero da Maiyama baki ɗaya. Wanda ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a, ya sa ni a ciki ranar Talata, ya sa hannun yarinyar nan ma.

Ka ci gardamar, abokina. Ka miƙa mata wuƙa, ka ce za ka alwala, ka bar ni kwance a gabanta. Allah ya jiƙan ka, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.