Telan da Ya Ƙi Kwandon Shara

Malam Zaharaddeen tela ne a kasuwar Bodinga, mutum mai tsoron Allah da tsoron goge abu a waya. Kowace Juma'a abokai kan turo masa hotunan gaisuwa masu ɗauke da ayoyi, bai taɓa goge ko ɗaya ba. Hujjarsa a tsare take: takardar da ke da sunan Allah ba a jefa ta a juji, alamar gogewa a waya kuwa kwandon shara ce.

Wata rana Hajiya Ramlatu, ungozoma a Shagari, ta turo hoton ɗinkin bikin ɗiyarta. Wayarsa ta cika, hoto ya ƙi buɗewa. Sai ta kira shi, ya faɗa mata abin da ya cika wayar.

"Malam, ko ka goge tarkacen ga, ko in kai atamfata wurin telan Kajiji."

"Subhanallahi, Hajiya! Ayar ce tarkace?"

"To, haddace su mana, ka ba hotona wuri!"

Ya yi nazari, ya sayi memori, ɗan katin ajiya na waya, ya kwashe gaisuwar duka ya zuba a ciki, ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, ya adana cikin gafakar littattafansa. Hoto ya buɗe, atamfa ta zauna. Ladabinsa abin yabo ne, sai dai gafakar ta fara kumbura da tarin memori, Juma'a kuwa ba ta fasa zuwa.