Albasar Makaranta da Ƙuri'ar Gidanmu

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Asabar, bayan mun dawo daga masallaci, Yaya Mamman ya kira ni zaure. Mu biyu ne, sai uwargidansa Hajo da ta kawo fura ta tsaya a bakin ƙofa. Yaya shi ne babban gidanmu a Wurno tun rasuwar mahaifinmu, shi ke riƙe da gandu. Ni Umaru ƙanensa, ni ake aike.

Ga wanda bai san gidanmu ba, muna da al'adu biyu. Ta farko, idan zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, babban gida ke faɗin wanda za a yi, ɗan aike ya kai maganar da ƙafarsa ga 'yan'uwan da ke Maikujera da Goronyo. Ba a faɗinta ta waya. Ta biyu, akwai gona ɗaya a fadama da mahaifinmu ya keɓe, albasar da ta fito cikinta makarantar yaran dangi take biya, maza da mata. Ni da na tsaya a firamare na san darajar gonar nan fiye da kowa.

Yaya ya ce: "Bana ma na gwamnati za mu yi. Amma na ji yaran da munka sa makaranta suna ta gardama cikin waya, suna kiran iyayensu jahilai. Ka jiyo mani bakin kowa. In 'yan makaranta sunka karya maganar gida, albasar fadama ba ta ƙara biyan makaranta. Na gama."

Hajo ta ce: "Alhaji, har da jikokinka fa."

"Har da su."

Na sha fura, na ɗauki jakata, na nufi tasha.

Asabar: Wurno zuwa Rabah

Motar Rabah ta daɗe ba ta cika ba. Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Na samu gaba. A bayana akwai wani Alhaji mai fataucin shanu, da wani ɗalibin kwaleji, da wata mata mai goyo. Mun wuce shingen sojoji, kowa ya sauke gilashi aka duba fuskoki, sannan muka wuce na 'yan sa-kai. Muna barin shinge na biyu gardama ta tashi.

Ɗalibin ya ce: "Alhaji, ku duba ko'ina. Inda makarantu sunka yi yawa na adawa ake yi. Inda babu makaranta nan ne ake dangwala wa duk wanda anka nuna."

Alhaji ya ce: "Yaro, wanga da kake so, ka taɓa ganin ya zo Rabah ta'aziyya?"

"Naku ya zo?"

"Ya aiko."

Mota ta kwashe da dariya. Alhaji ya fusata ya ce ɗan takararsu ya san talaka, ɗalibin ya ce ya san shi mana, shi ya sa talaka bai ƙare ba. Daga nan suka koma kan wanda ya fi wani ilimi cikin 'yan takarar, kowa na rantsuwa a kan takardun da bai taɓa gani ba. Sai mai goyon ta ce: "Ku duka biyu, ranar zaɓe layi kuke shiga ko wurin mai shayi? Mu mata mu ne ke cika layi, ku ku cika baki."

Direba ya ce duk wanda ya sake kiran wani jahili zai sauke shi a daji. Aka yi shiru har Rabah. Ni kam maganar ɗalibin ta dame ni, domin irinta ce ta fusata Yaya.

Maikujera

Daga Rabah na hau kabu-kabu. Mai babur ya gargaɗe ni cewa bayan la'asar ba ya bin hanyar nan ko za a ba shi babur ɗin kyauta, don haka na san kwana ya kama ni.

A Maikujera babbar yayarmu Kulu take, wadda ta girmi Yaya Mamman. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗanta Nasiru kuwa albasar fadama ta kai shi har jami'a, yanzu yana koyarwa a Rabah, yana zuwa gida ƙarshen mako. Shi nake tsoro. Sai da aka kawo tuwon gero da miyar kuka muka ci, sannan na faɗi saƙo daidai yadda aka ba ni, har da sharaɗin.

Nasiru ya ce: "Kawu, ni dama shi zan yi. Ba don an aiko ba. Na zauna na duba, an fara ayyuka, in anka canza hannu sabon zai watsar ya fara nashi. Mun sha ganin haka."

Na ji sanyi a raina. Sai Yaya Kulu ta ajiye muciyar da take kankarewa.

"To ni ba ni yin shi."

"Yaya, mi ya sa?"

"Gonata ta bakin daji, yaushe rabon in taka ta? Gero na nan kusa da gida muke ci, shi ma a tsorace anka yanke shi. Wanda ya kasa kore mani ɓarayin daji in ƙara mai kwana? Wancan ma ban san shi ba, amma bai riga ya kasa ba."

Nasiru ya ce: "Inna, tsaro ba ya gyaruwa lokaci ɗaya."

"In ya gyaru ku zo kabarina ku faɗa mani. Karatun ke nan, ka iya ba mutum haƙuri da Turanci."

Na tuna mata sharaɗin Yaya Mamman. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka ce ma Mamman ni na yi goyonshi, bayan nan nawa ya sha fitsarinshi. In shina fushi, ya fara cire ni daga makaranta."

Uwa da ɗa suka ci gaba da yi har aka kira magariba, shi yana kawo dalili ɗaya bayan ɗaya, ita tana mayar masa da gonarta. Babu wanda ya ja wani. Duk da haka shi ya ɗebo mata ruwan alwala.

Lahadi: Goronyo

Da hantsi na koma Rabah, na canza mota a Achida, na shiga Goronyo kafin azahar. Ranar kasuwa ce. Buhunan albasa jibge, manyan motocin Kudu na lodi, ga motocin kamfe biyu sun fuskanci juna a bakin kasuwa, kowace na ƙoƙarin danne lasifikar ɗaya. Na sayi goro da rake, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen da ke ƙasan madatsar ruwa, inda 'yata Asma'u ke aure.

Asma'u ita ce mace ta farko a danginmu da gonar nan ta kai kwalejin horon malamai. Tana koyarwa a firamaren ƙauyen. Mijinta Lawali masunci ne, yana kuma noman shinkafa a bakin ruwa. Sun tarbe ni da tuwon shinkafa da ɗanyen kifi. Bayan an ɗauke kwano ta durƙusa gefen tabarma, na faɗi sunan wanda Yaya ya zaɓa. Sharaɗin na riƙe tukuna, ina son jin bakinta na gaskiya.

Ta ce: "Na ji, Baba. In yi tambaya?"

"Yi."

"Mi Baffa Mamman ya gani a wurinshi?"

Tun zamanin mahaifinmu nake kai saƙon nan, ba a taɓa ba ni dalili ba, ba a kuma taɓa tambayata ba.

Ta ce ita ta saurari 'yan takarar duka biyun a rediyo, ta kuma karanta alkawuran kowannensu a waya, ta fassara wa matan gidan. Abu biyu take nema: wanda ya yi maganar manoman da ambaliya ke cinye wa gona, da wanda ya yi maganar ajin da ba rufi, domin a irinsa take koyarwa. A kan waɗannan, ta ce, na adawa ya fi yin bayani, ko da yake bayani ba aiki ba ne. Cikin matan da ta karanta wa, wasu sun bi ra'ayinta, wasu sun ce na gwamnati suka gamsu da shi. Surukarta ma tana cikin na biyun.

Sai na faɗi sharaɗin.

Fuskarta ta canza. Ta san su wa ke cikin makaranta yanzu: ƙannenta biyu, jikokin Yaya, da marayun ƙanenmu marigayi. Lawali ya matso ya rage murya.

"Baba, abin ai mai sauƙi ne. Ka koma ka ce ta amince. Wa ke ganin yatsan wani cikin akwati?"

Na ce: "Lawali, ba a aike ni in dawo da abin da ba a faɗa mani ba."

Asma'u ta ɗago kai ta ce: "Baba, ba za a cire yara daga makaranta saboda ni ba. Zan dangwala inda Baffa ya ce, kuma ba zan yi ha'inci a ɓoye ba. Amma ka faɗa mai duka. Ka ce ban yarda da zaɓinshi ba. Ka ce don albasar na yi."

"Kin san nauyin wagga magana?"

"Na sani. Ita ce gaskiya."

Na dubi yarinyar nan da na riƙa kaiwa makaranta a bayan keke, mutane na cewa asarar albasa nake. Ban yabe ta a gabanta ba, ba halina ba ne. Na ce ta tashi ta kawo mani ruwa.

Litinin: komawa Wurno

Lawali ya kai ni tasha da babur ɗinsa, ya ɗaura mani ƙunshin busasshen kifi na Yaya. A hanya wani fasinja ya so jan gardamar zaɓe, bai samu abokin yi ba. Na isa gida da la'asar sakaliya, na yi salla, na shiga zaure. Hajo ta sake tsayawa a bakin ƙofa.

Na ce: "Yaya, na farko. Nasiru, mai digiri, shina tare da kai. Ya ce da kanshi ya duba ya zaɓa."

"Madalla."

"Na biyu. Yaya Kulu ta ce ba ta yi." Na faɗi maganar gonarta, na faɗi ta goyo kamar yadda ta faɗa. Hajo ta toshe baki da mayafi.

Yaya ya ce: "Kulu tun tana yarinya haka take."

Na ce: "To ita wace makaranta ta ɓata ta?"

Ya ce in ci gaba.

"Na uku. Asma'u ta ce za ta dangwala inda ka ce. Ta ce in faɗa maka ba ta yarda da zaɓinka ba, don albasar ta yi."

Yaya ya miƙe zaune. "Don mi?"

"Don albasar."

"Wato ni na sayi ƙuri'arta? Ni Mamman? Ni da na kori masu rabon taliya da atamfa daga ƙofar gidan ga?"

"Ita ba ta ce ka saya ba. Ta faɗi dalilinta, ni kuma na kawo."

Ya ja carbi ya ajiye, ya sake ɗauka. Can ya tambaye ni ko ta faɗi abin da ta gani a wurin wancan. Na zayyana masa ambaliya da ajin da ba rufi, na kuma gaya masa ta tambayi nasa dalilin. Ya ce dalilinsa shi ne bai san wancan ba, kuma mutumin da ba ka sani ba ba ka damƙa masa ƙasa. Na ce wannan dalili ne, da ya ba ni shi tun ranar Asabar da na kai mata.

Daga ƙarshe ya ce: "Ka kira ta a waya. Ka ce ba ni son ƙuri'ar da albasa ta sayo, ta kai abinta inda ta ga dama. Gonar ta Baba ce, ba tawa ba, makaranta za ta ci gaba da biya. Amma maganar gida tana nan, na gwamnati na ce. Ka faɗa mata dalilina, in ta isa ta zo ta kayar da shi a zauren ga."

Hajo ta ce: "Za ta zo kuwa."

Na kira Asma'u a gabansa. Wannan ne karo na farko da maganar zaɓen gidanmu ta bi ta waya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a kan hanyoyin da ba kowa ke dawowa ba. Na gode wa Yaya Kulu da Nasiru, da surukina Lawali, da direbobi da masu kabu-kabu. Ni kaina wanda Yaya ya faɗa zan yi, domin dalilinsa ya gamsar da ni. 'Yata za ta yi wani daban, kuma duk Wurno babu uban da ya kai ni alfahari.

Roƙona ga duk magidancin da ya karanta wannan: idan za ka faɗa wa iyalinka wanda za su zaɓa, ka haɗa da dalilinka, ka kuma zauna ka ji nasu. In sun saɓa maka, kada ka huce a kan makarantar yara. Ka bar su a aji.