Ranar da Na Hana Tagulla Haɗuwa

Aji huɗu na yi a firamare, kuma har yau ina ganin malaman ne suka gaji, ba ni ba. Mahaifinmu maƙeri ne, amma ni na gudu daga maƙera tun ina saurayi, wai kada 'yan mata su gan ni da toka a ka. Na tafi Chikaji na koyi walda da gas. Ƙanena ya zauna ya gaji zuga-zugi, na shekara talatin ina kiransa Sarkin Gawayi.

Bara wata malama, 'yar kudancin Kaduna mai koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar Samaru, ta kawo gyaran ƙofa shagona a Sabon Gari. Ta ce tana neman wanda zai nuna wa ɗalibanta yadda mutanen zamanin da suke liƙa tagulla kafin zuwan gas.

Na gyara hula na ce, "Malama, ai a cikinsa aka haife ni."

Ranar Talata na je da aron zuga-zugi da gawayin mai shayi. Na ɗora wata tsagaggiyar munduwar tagulla a wuta, na sa sinadarin liƙi. Ya dunƙule ya gangaro. Na sake, ya sake gangarowa. Yara sun zuba mini ido, biro a hannu. Sai na ajiye awartaki, na haɗe rai na ce, "Af, yau Talata ko? Kakanninmu ba sa haɗa tagulla ran Talata. Ba ta kamawa."

Na ɗauka dariya za su yi. Wallahi sai suka duƙa suna rubutawa. Malamar ta ce abin da take so su sani ke nan, har a jarrabawa zai fito, in dawo Alhamis.

Da yamma na nufi Hanwa wurin ƙanena. Ya saurare ni bai daina aiki ba.

"Yaya, ka kankare bakin munduwar? Ka wanke da ruwan tsamiya?"

Na ce ban yi ba.

"Gawayin ƙirya ka sa?"

"Na mai shayi ne."

"To ka dafa mata shayi. Baba ran Talata ya fi aiki, kai ne ba ka nan."

Alhamis tare muka je. Shi ya zauna a gaba, ni na durƙusa ina zuga. Da ƙarfen ya yi ja, sinadarin ya bi tsagar kamar ruwa. Ya jefa munduwar a kwanon ruwa, ya miƙa wa yaran su ja. Ba ta rabu ba.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye shi dalilin hanin Talata. Ya juyo ya dube ni. Malamar ma ta dube ni.

Na miƙe da toka a ka, na ce su buɗe shafin shekaranjiya. "Wannan ba na kakanninmu ba ne, nawa ne. Ku soke shi."

Ina tsaye har na ƙarshensu ya ja layi a kai.