Jirgin Da Muka Yanka Saboda Ƙofar Mota

Shekaru masu yawa ke nan, tun Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ina da 'yar rumfa kusa da tashar Yelwa inda nake ɗinkin kujerun mota. Ban daɗe da dawowa daga koyon aikin a birni ba, don haka kaina a kumbure yake, gani nake babu wanda zai nuna mini komai.

Wata rana wani abokina direba ya kawo motarsa ta farko, bayan ya shekara goma yana tuƙa ta mutane. Tsohuwa ce, bangon ƙofofinta na ciki duk ya zube, kana hangen ƙarfen da ke ɗaga gilashi. Ya ce in yi mata sabo.

Aikin ba wuya. Za ka yanka wani abu mai faɗi daidai da ƙofa, ka shimfiɗa masa soso, ka ja leda a kai. Abin da ke ƙarƙashin ledar shi ne ƙashin aikin, amma ba mai ganinsa. Na ɗauko kwali mai tauri irin wanda muke sa wa motocin ma'aikata a birni, na rufe shi da jar leda. Har mutane suka taru kallo. Ban ko tambaye shi hanyar da zai riƙa bi ba.

Ashe garin Wara na bakin ruwa zai riƙa zuwa, yana ɗauko mata masu ɗanyen kifi. Duk ramin da ya faɗa sai ruwan daro ya fantsama jikin ƙofa, ga damina ta sauka. Kafin wata biyu kwalin ya sha ruwa ya kumbura, ya fara wani irin ɗoyi da ko su masu kifin suka kasa jurewa. Suka koma wata motar ɗaya bayan ɗaya.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya sa ya ɓantaro kwalin kamar jiƙaƙƙen burodi, ya ce, "Malam, mi za mu yi? Kwana huɗu ban ɗauki kowa ba."

Na gwada kwanon rufi. Ƙararsa ta hana mutane jin juna, da rana kuma ya ƙona gwiwar wata tsohuwa. Falankin kasuwa ma ya ɗaye cikin mako uku. Abin da ya kamata shi ne siririn falankin nan da ruwa ba ya ci, wanda ake haɗa wasu jiragen ruwa da shi, amma mun zagaye Yelwa ba mu samu ba.

Ranar wata Juma'a innarsa ta aiko kirana. Na tafi, na ɗauka zagi zan sha. Na iske ta bayan gida, zaune kusa da wani jirgin ruwa da aka kife a kan duwatsu. Na mijinta ne, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. Abokina ya raɗa mini cewa masunta uku sun nema, ta hana.

Ta ce, "Ɗana, an ce irin katakon ga kake biɗa. Duba mani."

Na ƙwanƙwasa. Shi ne. Na ce, "Inna, shi ne, amma in na sa zarto jirgin ya tashi aiki ke nan. A bari mu nemo wani wuri."

Ta shafa gefensa. Can ta ce, "Mai shi ya yi shi don a ci abinci ne. Shekara guda yana kwance bai ciyar da kowa ba. Yanka. Amma bari in shiga ciki tukun."

Sai da ta shige ɗaki ta rufe ƙofa na fara. Abokina ya riƙe mini katakon, fuskarsa na kallon bango. Ban taɓa auna abu sau huɗu kafin in yanka ba sai ranar. Na shafe bakin kowane yanki da fenti, na sa soso kaɗan, na bar ƙananan huji a ƙasa don ruwa ya sami mafita.

Masu kifi suka dawo. Motar ta yi shekara shida a wannan hanya, injin ya mutu, bangon ƙofofin na nan garau. Da zai sayar da ita ga masu kayan gyara, ya kwance bangon ƙofofin ya kai wa innarsa.

Na yi wa motoci da yawa aiki bayan nan, wasu na manyan mutane, na manta yawancinsu. Amma har yau in na ɗauki zarto zan yanka falanki, sai na tuna yadda tsohuwar nan ta rufe ƙofar ɗakinta a hankali don kada ta ji ƙarar.