Ƙafa Ashirin da Ɗaya ko Ashirin da Takwas

Bang Wahap mijin yayata ne. A tsibirinmu duk namijin da ya girme ka Bang kake ce masa, amma shi har tsofaffi haka suke kiransa, sai ka ce sunan yankansa ke nan. Mutum ne da ko takalmin roba zai saya sai ya zaga kasuwa biyu, ya dawo gida da tsohon a ƙafarsa. Ni Rohani, wadda yake gajarta wa suna ya ce Ni, ban taɓa ɓoye masa cewa wannan hali yana ƙona mini rai ba. Ina soya roti, wainar fulawa, a bakin gadar da jirage ke tsayawa, shi kuwa tun yana saurayi yake tuƙa kwale-kwalen katakon da mahaifinsa ya bari, mai inji a baya da doguwar wutsiya. Da rani ya kai Turawa kallon duwatsu, da damina ya koma tarkon ƙaguwa. Ba ya shan taba, ba ya zaman hira, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Yayata Sapiya ce mai bakin gidan. Ita tana magana, shi yana gyaɗa kai, a haka suka yi furfura, suka aurar da 'yarsu ɗaya tilo can Satun.

Da ƙodar Sapiya ta daina aiki, likita ya ce sai wankin ƙoda, wankin kuma a birnin Puket ake yi, can ƙetaren teku. Rayuwarsu ta koma yau a gida, gobe a hanya. Ni nake rufe teburina in raka su. Kwale-kwalen Bang ba ya sauri, injinsa kuma yana ƙara har cikin haƙori. Zuwa da sauƙi. Dawowar ce azaba, domin idan aka cire ta daga na'ura jikinta ba ya ɗaukarta, ga rana, ga feshin ruwan gishiri, ga amai. Kafin mu shiga ƙoramar da gidansu yake bakinta, leɓenta ya yi fari.

Wata rana da damina muka dawo jiƙe sharkaf. Bang ya ɗauko ta ya hau da ita matakalar gida, ya zaunar da ita. Ta dube shi ta ce, "Bang, jibi kada ka tashe ni. Na gama da tekun nan."

Ya ce, "To."

Ya sauka ya fara kwashe ruwan da ya taru a kwale-kwale. Na bi shi har cikin taɓo.

"To? Matarka ta ce ta daina wanki, abin da za ka ce ke nan? Ka san abin da daina wanki yake nufi?"

"Na sani, Ni."

"Ka sani, kana kwasar ruwa."

"Ruwan ma sai an kwashe shi."

Da a ce ƙanena ne da na kwaɗa masa gwangwanin nan a ka. Sai daga baya na ji cewa a yammacin ya taka har gidan wani maƙwabci da ya daɗe yana son gonar robar da Bang ya gada wurin mahaifiyarsa, ya ce ya sallama masa ita. Ya dawo ya gaya wa Sapiya zai sayi jirgi mai gudu, ta daure ta ci gaba da zuwa har ya samu. Ta ce ta ji, amma kada ya daɗe, don ta san halinsa.

A bayan wata tashar jiragen masu kuɗi a Puket akwai filin wani dillali, Ko Leng. Turawa idan sun gaji da ƙasar, ko matansu sun gaji da su, nan suke barin jiragensu a sayar. Biyu ne a filin suka shiga ƙarfin Bang, duka tsofaffin jiragen tsere, duka rana ta cinye fentinsu. Ƙaramin ƙafa ashirin da ɗaya ne, ja, inji ɗaya a rataye a baya wanda ake iya ɗagawa sama. Kujeru biyu a gaba, benci a baya, duka a ɗaure da noti, tsakaninsu da ƙyar mutum zai miƙe ƙafa. Babban ƙafa ashirin da takwas, fari, injuna biyu a cikin cikinsa, ga wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin hancinsa da katifa a ciki.

Ko Leng ya sa aka sauke su ruwa muka gwada. Ƙaramin idan ya tashi kusan ba ya taɓa ruwa, amma duk igiyar da ya haɗu da ita sai ya doka ƙirji a kanta, ka ji dukan har ƙashin bayanka. Babban yana yanka igiya ya wuce, ko shayi ka riƙe ba zai zube ba. Sai dai yana shan mai kamar ba gobe, cikinsa kuma yana nutsa da zurfi. Ƙoramar gidan Bang idan ruwa ya janye ko gwiwa ba ta kaiwa. Babban zai tsaya ne can waje a gada, a goyo Sapiya ko a ɗora ta a babur a bi hanyar ramuka. Ƙaramin kuwa a ɗaga injinsa a tura da gora, sai ƙofar gida.

Duk wannan Bang ya gane shi tun ranar farko. Amma kullum aka ɗaura wa Sapiya na'ura, sai mu hau mota mu je filin Ko Leng, ya tsaya tsakanin jiragen nan biyu, hannu a baya. Ba ya tambaya, ba ya taya ciniki. Ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Idonsa a buɗe yake amma ba na jin yana ganin komai.

Ko Leng ya ce, "Bang, ka zo gaishe su kuma? Jiya ma sun tambaye ni kai."

Bang ya yi ɗan murmushi.

"Na ga masu neman aure, babu wanda ya kai ka zarya. Ni dai ba na bayar da biyu a sadaki ɗaya." Ya juyo wurina, ya kira ni Ja, yadda ake girmama mace a nan. "Ja, haka ya yi kafin ya auri yayarki?"

Na ce, "Ita ta zaɓe shi. Da shi aka bari, da har yanzu yana tsaye a ƙofar gidanmu."

Akwai maganar da ni da Bang muka sani, babu wanda ya furta. Mutanen tsibirinmu a asibitin Puket suke mutuwa, amma kowa yana so a binne shi a bayan masallacinmu, kusa da iyayensa, kuma a ranar da ya rasu. Jiragen da ke ɗaukar Turawa ba sa ɗaukar gawa, masu su suna cewa jirgin da ya ɗauka ba ya ƙara samun baƙi. Saboda haka duk wanda yake da jirgin da mutum zai iya kwanciya a miƙe a ciki, shi ake bugo wa waya, kuma ba a cewa a'a. Kowa a garin idan ya ji an ce wane ya sayi jirgi mai wurin kwanciya, ya san abin da za a riƙa ɗauka a ciki.

Sapiya ta gaji da jira. Wata rana bayan wanki ta ce a kai ta ta gani da idonta. Muka riƙe ta ta hau tsani ta shiga ƙaramin. Ta zauna a kujerar gefen direba, gwiwarta tana taɓa gaba, ta ce, "Wannan ai kujerar wanzami ce." Muka sauko da ita, muka hau da ita babban. Ba ta ko kalli kujerun ba. Ta sunkuya ta shiga ɗan ɗakin nan, ta kwanta a kan katifar, ta miƙe ƙafafu, ta jera hannuwa a gefenta, ta rufe ido.

Ta ce, "Wannan ya yi mini daidai, Bang. Zuwa da dawowa. Har dawowar ƙarshe ba sai kun roƙi jirgin kowa ba."

Ko Leng ya fara dariya, ya dubi fuskokinmu, ya haɗiye ta. Bang ya tsaya yana kallon tafin ƙafarta da ya leƙo daga ƙofar ɗakin. Sai ya juya, ya sauka tsani, ya tsaya a gaban dillali.

"Ƙaramin."

"Bang, ka ji fa abin da uwargida ta ce."

"Na ji. Ƙaramin. A sauke shi ruwa yau."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mace marar lafiya ta faɗi inda jikinta ya sami sauƙi, kai kuma ka zaɓi wanda zai riƙa jijjiga ta. Na gaya masa haka a gaban Ko Leng, ban rage komai ba. Sapiya kuwa ba ta yi faɗa ba, ta ce dai, "Taurin kai ya zo maka da tsufa." Ta san dalilinsa, ni ma na sani, sanin bai rage mini haushin ba.

Haka muka koma zarya a jan jirgi. Bang ya cika kujerarta da matasai, ya ɗaura rumfar tamfol a sama. Tafiyar da a da take cinye mana rabin safiya, yanzu kafin rotin da na ƙunso ya huce mun isa. Amma dukan nan yana nan. Duk igiyar da muka doka sai ta matse mini hannu, ta ce, "Jirgin nan naka yana dukana kamar na zagi uwarsa." Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan." Kullum saura kaɗan, ko yanzu muka tashi. Idan mun iso ruwa ya janye, ya ɗaga inji, ya tura da gora har gindin matakala. Ba ta ƙara cewa kada a tashe ta ba. Ta ga ƙarshen daminar nan, ta ga ta gaba, ta ɗauki jikanta da aka kawo daga Satun ta ce hancinsa na Bang ne, Allah ya sa kada ya ɗauko shirun.

Ranar da ta rasu babu wani abu daban. Da safe ta ci shinkafa da busasshen kifi, ta yi mini faɗa a kan ɗankwalina. Ana tsakiyar wanki zuciyarta ta tsaya. Suka yi abin da za su yi, suka fito suka gaya mana. Ban yi kuka ba. Abin da yake ta zuwa mini a rai shi ne ƙullun rotin da na bari a kwano, zai yi tsami. Bang ya ce, "To," ya buga wa liman waya, liman ya ce za a fara haƙa.

Motar asibiti ta sauke mu a gada da azahar, Sapiya a naɗe da farin zane. Maza huɗu suka kama ta suka sauko da ita jirgi, suka tsaya riƙe da ita a hannu, domin babu inda za a ajiye. Suka gwada a tsaye, kujera ta tare. Suka gwada a karkace, benci ya tare. Direbobin manyan jirage suna tsaye a sama suna kallon wani wuri.

Wani ya ce a hankali, "Bang, ko a jingina ta a kujera, a ɗaure? Tafiyar ba nisa."

Bang ya ce, "Ba a zaunar da mamaci."

Wani ya ce akwai jirgin kifi da zai koma tsibiri, amma sai bayan magariba. Bang ya ce su hau da ita sama su sa ta a inuwa. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko sifana, ya durƙusa a gindin kujerarta. Gishiri ya cinye notocin, sun ƙi juyawa. Ya sa ƙafa ya danna, sifana ta zame, ƙarfe ya yanke masa bayan hannu. Jini yana ɗiga a kan matasai, shi bai ko duba ba. Ya cire kujerar ya miƙa sama, ya koma kan benci ya cire shi ma. Aka shimfiɗa tabarma. Ta shiga daidai, a miƙe, kanta wajen inji. Na zauna a ƙasa na tallafe ta da hannu biyu.

Ya tayar da inji muka fita. Na jira in ji hancin jirgin ya ɗaga kamar kullum, bai ɗaga ba. Muna tafiya a hankali, muna hawa igiya muna sauka, har wani kwale-kwalen katako ya zo ya wuce mu, mai shi yana waiwaye. Rana ta fara karkata. Wayar Bang tana ta ƙara a aljihunsa.

Na ce, "Bang, liman ne. An gama kabari, mutane suna jira."

Bai juyo ba.

"Ka sayar da gonar uwarka don gudu. Yau da ake bukatar gudun, ka taka mana."

Ya ce, "Ba ta son dukan nan, Ni."

Na buɗe baki in ce masa yanzu ba ta jin komai, sai na ga hannuna yana kan nata ta saman zane, inda take matse ni, ina jiran igiya ta gaba. Ya ƙara rage mai, muka ci gaba a haka har tsibiri.