Bonet ɗin da ya ƙi zama

Yayana ya shekara talatin da huɗu yana gyaran jikin mota, bai taɓa sayen tef ɗin awo ba. Ni mai fenti ne, rumfata jingine take da tasa a gareji ɗaya, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi. In ya ɗora ƙofa ko bonet, sai ya ja da baya taku uku, ya tsuguna, ya runtse idon hagu, ya bi layin da na dama. Awon ke nan. Shi ya sa ake ce masa Ma'auni. Masu yawo da tef a aljihu kuwa teloli yake ce musu, kuma ni ne telan da ya fi kusa da bakinsa, na sha gori har na ƙoshi.

Wata malamar makaranta ce ta kawo motar marigayi mahaifinta, tsohuwar mota mai dogon hanci, wadda ta shekara ashirin a ƙarƙashin tamfol.

"Baba, bonet ɗin nan a lallaɓa shi," ta ce wa Yaya. "Na yi cigiya har na gaji, babu irinsa ko'ina."

Yaya ya yi dariya ya ce ta je ta kwantar da hankalinta. Wata biyu yana kan motar, ya buge inda ta lotsa, ya yanke inda tsatsa ta ci ya yi walda, ƙofofi suka zauna ɗas. Saura bonet, sannan a miƙo mini in fesa.

Ranar ɗorawa ni na riƙe masa ɓangare guda. Ya sa washa biyu, ƙananan zobban ƙarfe, a ƙarƙashin maƙalin hagu, ya ɗaure noti, ya rufe. Tsagar da ke tsakanin bonet da jikin motar ta tafi santal. Ya tsuguna, ya runtse ido, ya daɗe bai tashi ba.

"Ya karkace," ya ce.

"A ina, Yaya?"

"A tsakiya mana. Ba ka ga cikin da ya yi ba?"

Wallahi ban ga komai ba. Amma wa zai yi musu da Ma'auni? Na ce ƙila idona ne, muka kwance.

Daga nan aka shiga rikici. Ya ce daɓen garejin ne ba daidai ba, muka tura motar can gefe. Ya ce tayar hagu ta fi iska, aka rage. Ya zargi maƙalai, ya cire su ya buga ya mayar. Ya ƙara washa, ya rage washa. In bonet ya miƙe a idona, sai ya ce ya karkace. In ya karkata shi har yatsana na shiga ta gefe guda, sai ya ce an kusa. Da ya fita cin abinci nakan lallaɓa da tef in auna, abin da tef ya faɗa daban, abin da Yaya ya faɗa daban. Sai da ta kai ni ga aron tef ɗin maƙwabci, don na fara zargin nawa. Kwana tara muna haka, har na rasa wanda ya ruɗe tsakanin ni da shi da motar.

A rana ta goma matarsa ta kawo masa abinci, ta tsaya a bakin rumfata.

"Mai fenti, me kuka ba yayanka a garejin nan? Ya hana ni sakat. Wai ƙofar ɗaki ta lanƙwashe, wai kalanda ta karkace. Jiya sandar labule ya sauke yana bugu, sandar da ba ta yi masa komai ba."

Na fara dariya, sai na tsaya: ashe ba bonet kaɗai yake gani a karkace ba. Kafin in ce wani abu na ji ƙarar injin gugar ƙarfe daga rumfarsa. Na ruga. Ya ja layi da alli a gefen bonet, zai zaftare cikin da shi kaɗai yake gani. In ya taɓa ƙarfen nan, babu mai mayar da shi. Na fizge wayar injin daga bango. Tunda nake ban taɓa yi masa haka ba.

"Kai! Ka yi hauka ne?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Mu mayar da shi yadda muka ɗora ranar farko, washa biyu. In bai yi ba, ni da kaina zan riƙe maka ka yanke."

Yana huci muka mayar. Ya ja da baya, ya tsuguna, ya runtse idon hagu.

"Ga shi nan, ko makaho ya gani."

"To, rufe na dama, ka duba da na hagu."

"Ni za ka koya wa duba mota?"

"Don Allah, Yaya."

Ya yi tsaki, ya sauya ido. Ya koma na dama, ya dawo na hagu. Ya juya ya dubi ginshiƙin rumfa, ya yi masa haka, ya dubi bakin katanga, ya yi masa haka. Sannan ya tashi a hankali, ya rufe idanun duka biyu, ya bi tsagar da ɗan yatsa daga gilashi har hanci.

"Tun ranar farko daidai yake?"

"Daidai yake, Yaya."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sa hannun riga ya goge layin allin tas.

"Gobe ka raka ni asibiti," ya ce. "Tef ɗin nan naka yana kusa?"

Na ciro na miƙa masa. Ya ja shi, ya kawo kusa da idon hagu, yana jujjuyawa.

"Ƙananan layukan nan, yaya ake karanta su?"

Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan ce masa tela. Ga ta ta zo. Na tsuguna kusa da shi, na ɗora yatsa a kan layin farko.